Darasin Maiduguri ga kasuwar Idumota

A watan Afrilun 2024 gobara ta laƙume gine-gine fiye da goma a layin Dosunmu da ke Idumota, kuma hukumomin Legas sun ce ta tashi ne garin zuba wa janareta mai yana aiki. Aka jajanta, aka kwashe toka, kowa ya koma ga janaretansa. A wannan kasuwa ce ɗimbin 'yan Arewa ke neman abinci, daga mai canjin kuɗi har ɗan dakon da ke sammako daga Agege.

Garin da ya kamata Legas ta saurara a kan wannan batu shi ne Maiduguri. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin wutar da ke zuwa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a cika mako ba suka sake dasa bam. Masu walda da masu ƙanƙara da masu injin niƙa suka ɗanɗana kuɗarsu, har zuwa Maris ɗin 2023 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a garin. A Oktoban 2024 kuma aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu, domin injiniyoyi ba sa iya shiga dajin sai da rakiyar jami'an tsaro. Yukren ma, tun da Rasha ta fara ruwan makamai a kan tashoshinta a Oktoban 2022, asibitocinta suka fara komawa ga sola da batura.

Wutar da ke ratsa ɗaruruwan kilomita a daji, mutum biyar da nakiya sun isa su kashe ta. Wadda ke bisa rufin shago kuwa sai an bi rufi-rufi. Saboda haka a ganina maganar sola a Najeriya maganar tsaro ce tun kafin ta zama ta sauyin yanayi.

Gaskiya ne Idumota ba Sabon Garin Kano ba ce, inda aka fara haɗa shaguna da sola tun 2018. Benayenta dogaye ne, a cunkushe, rufin bai kai yawan shagunan ba, ga damina mai tsawo, ga jabun batura. Amma fanka da ƙwai biyu da cajin waya, waɗanda su ne buƙatar yawancin ƙananan 'yan kasuwa, ba su cancanci jarkar fetur a hawa na huɗu ba, balle tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Dokar Lantarki ta 2023 ta sakar wa jihohi mara, Legas kuma ta yi tata a Disambar 2024. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin kasuwa da fadojin sarakunan Hausawa su zauna da gwamnatin jiha a tsara sola ta haɗin gwiwa, layi-layi, da biya kullum kamar adashi. Ita kuma gwamnatin tarayya, da ta yi ta maganar hana shigo da allunan sola a 2025, ta dakata tukuna har masana'antun gida su iya wadata ko da kasuwa ɗaya.