A Auna Iska, Amma Kada a Ɗora wa Saniya Jakar Tsaba

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Sersouf ta Tamanrasset a ƙasar Aljeriya ya ga duwatsun Hoggar. A can bisa dutsen Assekrem, mai tsawon fiye da mita 2,700, akwai tashar da ake ɗibar iska cikin kwalabe tun shekarun 1990, ana aikawa Amurka a auna. Abin da ake nema har da mitan, iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Haka ake yi a ƙasashen ƙanƙara: a Sodankylä ta Finlan, balan-balan ake saki sama ya ɗebo iska hawa-hawa.

Ba mu ja da ma'auni. Kafin zamanin masana'antu mitan bai wuce kashi 730 cikin biliyan ba. Yau ya haura 1,900. Ba mu kuma musun cewa saniya na gyatsa shi in tana tuƙa.

To amma wace saniya? Kwalbar Assekrem ba ta bambance gyatsar Bunaji da ta shanun Turai masu cin hatsi a rumfa. A jadawalin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006, saniyar tatsa ta Amurka na fitar da fiye da kilo 120 a shekara, sa na Afirka kuwa kilo 31. Ga kuma fadamu, gonakin shinkafa, juji, ramukan kwal da bututun gas masu yoyo. Duk a sama ɗaya suke haɗuwa.

A 2021, a Glasgow, ƙasashe fiye da 100 suka yi alkawarin rage mitan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Madalla. Tsoronmu shi ne masu neman cinye burtali da mashaya su sami sabuwar hujja, su ce a rage garke, a daina yawon kiwo. Jiya jangali, yau hayaƙi!

Muna kira ga hukumomi: a fara toshe bututu, a auna dabbobinmu a makiyayarsu, rani da damina, a ba mu rigakafi da ruwa, domin lafiyayyar saniya ta fi ba da nono a kan gyatsa ɗaya. Kuma a zauna da mu kafin a sa hannu. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Allah ya kare mana dukiyarmu, amin.