Wasan Yaƙi a Kan Tebur: Ni Dai Ina Bayan Sauƙi

A ƙasashen Turai akwai wasan da ake jera 'yan sojojin dalma ko na roba a kan tebur, a riƙa jefa ɗan ludo don a san wanda ya yi galaba. Masu wasan sun daɗe suna jayayya: shin dokokinsa su kwaikwayi yaƙin gaske, ko kuwa a sauƙaƙa su?

Dalilina na goyon bayan sauƙi yana cikin tarihin wasan. A shekarar 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojojin Purushiya, a Jamus, wasan Kriegsspiel, cike da lissafin nisan harbi da saurin dawaki da yawan waɗanda za su faɗi. Sannu a hankali hafsoshi suka ƙosa da duba jadawali. A 1876 Verdy du Vernois ya kawo shawarar a ajiye dokokin, gogaggen alƙalin wasa ya riƙa yanke hukunci. To, idan masu sana'ar yaƙi sun gaji, ina ga mai neman nishaɗi kawai?

Na san wasu za su ce sauƙi wasan yara ne. Haka ne, a wasan da H. G. Wells ya wallafa a 1913, 'yar igwar wasa ake harbawa, sojan da ta kayar ya fita. Amma dai 'yan wasan na kallon filin daga, ba littafin dokoki ba.