Fostar Bincike: A Buɗe Buhu Kowa Ya Gani

Ba kowane mahalarcin taron masana kimiyya ne ke samun damar hawa mumbari ya gabatar da maƙala ba. Da yawa, musamman ɗalibai, allo ake ba su a zaure su liƙa fosta, watau babbar takarda mai ɗauke da taƙaitaccen bayanin bincikensu, su tsaya kusa da ita suna amsa tambayoyi. Abin takaici, sau da yawa maƙala ce sukutum ake ƙanƙance haruffanta a cusa a takarda guda. A ganina aikin fosta ɗaya ne tak: ta faɗi sakamako guda, ta kuma nuna hujjarsa yadda ido zai gani. Wannan darasi kuwa yana nan a karkarar Kano.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, har zuwa Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, cike take da jama'a, gona na jikin gona, kuma ana noma ta kowace shekara ba hutu. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa nazari a kan wannan yanki. A nan manomi kan haɗa gero ko dawa da wake a gona guda, domin wake abinci ne, harawarsa ta ciyar da dabbobi, ƙwayarsa kuma kuɗi ce. Shi ya sa cibiyar binciken aikin gona ta IITA take da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir.

Babban abokin gabar wake bayan girbi shi ne ɗan ƙwaron nan da ke huda shi. Macen takan yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta kutsa ciki tana ci, cikin kamar wata guda sabon ƙwaro ya fito ya ci gaba da haihuwa. A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta suka fara yaɗa buhun PICS a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhu guda. Idan aka ɗaure kowanne tam, ƙwarin kan shaƙe iskar da ke ciki su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. To, yaya aka gamsar da manoma? A gaban jama'ar ƙauye ake zuba wake a ɗaure, bayan watanni a sake taruwa a kwance, kowa ya ɗebo ya duba. Gani ya kori ji.

Fosta mai kyau tamkar ranar buɗe buhu ce. A ɗauka ɗaliban makarantar sakandare sun gwada wannan buhu da buhun gama-gari. Kada su rubuta take mai cewa “Nazari a kan wasu hanyoyin adana wake”, domin bai gaya wa kowa komai ba. Idan gwajin ya nuna haka, su rubuta da manyan haruffa cewa buhu mai ledoji biyu ya kare wake daga ƙwari har tsawon watanni kaza. Irin wannan tsari ne wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Mike Morrison, ya yi kira a bi a 2019. A ƙarƙashin take sai hujja: hotuna biyu a jere, da zane guda mai nuna yawan ƙwayoyin da aka huda cikin kowace ɗari. A rubuta ma'auni a jikin zanen. Idan da kwano aka auna, a faɗi nauyinsa da kilo. Yadda aka yi gwajin kuwa, layuka kaɗan sun isa: buhu nawa, wane irin wake, a ina, tsawon wane lokaci.

Takardar da aka fi amfani da ita, mai suna A0, faɗinta wajen santimita 84 ne, tsawonta 119, amma ba dole ba ne a cika ta. A bar fili, a liƙa ta a bango, a ja da baya taku uku. Duk abin da bai karantu ba a ƙara masa girma ko a cire shi. Wanda ba shi da kuɗin bugawa, kwali da alƙalami mai kauri sun wadatar.

Wasu abokan aiki kan ce irin wannan taƙaitawa zubar da darajar ilimi ce, kuma takan sa a faɗi abin da ya wuce hujja. Tsoronsu na biyu yana da tushe. Maganinsa shi ne a faɗi iyakar binciken a fili: wanda ya gwada buhu biyu a ɗaki guda kada ya yi magana da sunan jihar Kano duka. Amma tarin rubutu ba shi ne zurfin ilimi ba. Wanda ya kasa faɗin abin da ya gano a jimla guda, da sauransa wajen fahimtarsa.

Ranar taro, mai fosta ya tsaya a gefenta, kada ya tare ta, ya kuma shirya bayanin minti ɗaya da Turanci da Hausa. Idan an yi masa tambayar da gwajinsa bai amsa ba, ya ce bai bincika ba tukuna, ya rubuta ta, domin wataƙila ita ce bincikensa na gaba.

Kirana ga malamai shi ne, kafin ɗalibi ya kai fosta taro, a sa ya yi bayaninta ga wani manomi a garinsu. Idan dattijon ya gane, har ya tambayi inda ake samun buhun, fosta ta yi. Idan bai gane ba, a koma a gyara, domin sakamakon da bai isa kunnen mai gona ba, ƙwari ne ke cin ribarsa. Allah ya sa mu dace.