Wasiƙa Ga Malaman Addini Na Sakandare: Mu Daina Tsallake Babin Nan

Zuwa ga 'yan'uwana malamai, maza da mata, masu koyar da darasin addinin Musulunci da na Kirista,

Ina so mu tattauna kan wani babi da yawancinmu muke gudu.

Kowa ya san yadda ake yi. Malam yana tafe da karatun tsarki lafiya lau, an wuce alwala, an wuce taimama, sai a iso abubuwan da ke wajabta wanka. Nan take murya ta yi ƙasa. Samarin bencin baya su fara zungurin juna, 'yan mata su ja hijabi su rufe baki, wani ya ƙaƙalo tarin ƙarya. Malam ya dubi agogo ya ce, "Wannan ku karanta a gida," ya juya shafi. Ba mai karantawa a gida. Bayanin dai za su same shi, amma a TikTok, ko a littattafan batsa da ake turawa ta WhatsApp, ko a bakin ɗan ajin da ya fi kowa iya ƙarya.

Gwamnati ta daɗe tana kai-kawo a kan wannan batu. A 2003 hukumar tsara manhaja ta NERDC ta fito da darasin zaman iyali da cutar ƙanjamau, bayan an sha ce-ce-ku-ce kan manhajar da aka fara tsarawa a kan batun. A watan Nuwamba na 2022 kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, bisa hujjar cewa aikin iyaye ne da cibiyoyin addini. To, iyaye kunya ta hana su. Ke nan kayan a kanmu aka sauke, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Abin da nake so mu tuna shi ne, wannan karatu ba baƙo ba ne a wurinmu. Littafin Ahalari, wanda yara ke biyawa a zaure tun ba su kai shekara goma sha biyu ba, yana da fasalin haila da na biƙi. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta buɗe fiƙihunta ne da bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ba tare da kwana-kwana ba. Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mace tana wanka idan ta yi mafarki, ya kuma amsa mata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malamin da ya tsallake babin nan ba magabata ya bi ba.

Saboda haka a yi amfani da kalmomin fiƙihu yadda suke: balaga, janaba, haila, sha'awa. A faɗe su da muryar da ake faɗin farillan alwala, ba murmushi, ba habaici. Dariyar aji ba ta wuce minti biyu idan malam bai taya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inda makaranta take haɗe, a nemi izinin shugaba a raba aji na darasi ɗaya ko biyu, malama ta ɗauki 'yan mata, malam ya ɗauki samari.

Kunyar ɗalibi kuwa a girmama ta, a nema mata hanya. Sayyidina Aliyu da kansa ya ji nauyin tambayar hukuncin maziyyi saboda yana auren 'yar Annabi, sai ya aiki Miƙdadu ya tambayo masa. Kwalin alli da ya ƙare ya isa ya zama akwatin tambaya. A yanka masa baki a sama, a ajiye a bayan aji, kowa ya jefa takarda a rana ɗaya, har wanda ba shi da tambaya, don kada a gane mai ita. Za ku sha mamakin abin da zai fito. Yarinya tana barin salla wata guda cur saboda ba wanda ya gaya mata cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya ƙaru jinin ciwo ne. Yaro yana zaton mafarkin balaga zunubi ne, ko aljana ce ta aure shi.

Sai kuma mu riƙa rabe wa yara abu uku: abin da nassi ya ce, abin da malamai suka yi saɓani a kai, da abin da al'ada ce kawai. Sadaki wajibi ne, lefe al'ada ce. Batun auren dole kuwa a faɗi gaskiya dukanta. Malikiyya sun bai wa uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, Hanafiyya ba su ba shi wannan iko a kan baliga ba, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya warware auren Khansa'u bintu Khizam da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Ɗan aji shida ya isa ya ji wannan. Ra'ayinka na kanka, malam, idan za ka faɗa, ka ce naka ne.

Kada wa'azin ya ƙare a kan 'yan mata. A Suratun Nur, umarnin runtse ido ga maza ne ya fara zuwa, a aya ta 30, sannan na mata a ta 31. A surar nan dai aka yanke bulala 80 ga mai yi wa kamilar mace ƙazafi. Saurayin da ke yaɗa hoton yarinya ko ƙaga mata labari a zauren WhatsApp na aji ya kamata ya ji wannan daga bakinka. Labarin Annabi Yusufu, wanda ke cikin Alƙur'ani da kuma Farawa sura 39, namiji ne ya kame kansa a cikinsa.

A garuruwa irin Kaduna da Jos da Yola, ɗalibai za su tambaye ka abin da ɗaya addinin ya ce. Ka faɗe shi yadda mai shi zai ji ya ce haka ne. Musulunci ya halatta saki da khul'i da mata har huɗu bisa sharaɗin adalci. Cocin Katolika ba ta yarda da warware auren da aka ƙulla bisa ƙa'idarta ba, sauran majami'u kuma suna da nasu bayanin. Dukansu sun haɗu a kan kame kai kafin aure. Abin da ba ka sani ba, ka tsallaka ofishin abokin aikinka ka tambaya.

Mafi nauyi a cikin duka shi ne bambanta zina da fyaɗe. A kowane aji akwai yiwuwar wani yaro ko yarinya da aka ci wa zarafi, sau da yawa a hannun na gida, wani lokaci ma a hannun malami. Idan duk abin da yarinyar ta ji daga gare ka azabar mazinata ce, za ta ƙirga kanta a cikinsu ta yi shiru har abada. Ka faɗa a fili cewa wanda aka tilasta ba shi da laifi a wurin Allah, laifin na mai tilastawa ne. Malaman Kirista suna da labarin Amnon da Tamar a 2 Sama'ila sura 13, inda aka ce wa yarinyar ta yi shiru, gidan kuma bai sake zama lafiya ba. Idan ɗaliba ta zo maka da irin wannan magana, kada ka yi mata alkawarin ba wanda zai ji, kada kuma ka zauna da ita a ofis ƙofa a rufe. Ka kira malama, a sanar da shugaba, a kai ta asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Iyaye kuma kada su ji labari a bakin yara. A taron iyaye da malamai a nuna musu shafukan da za a karanta, da littafin da aka ciro su. Uban da ya ga Ahalari ne a hannunka da wuya ya ɗaga murya. A jawo malamin kimiyyar halittu ya bayyana gwajin jini kafin aure, yadda mai AS idan ya auri mai AS kowane ciki yake da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Gara su sani tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

Roƙona shi ne, a zangon karatun nan kowannenmu ya sa babin a jadawalinsa, ya ware masa mako biyu, ya karantar da shi har ƙarshe. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a aikinmu.

Wassalam.

Naku,
Abokin aikinku a aji