Keken Tsere Na Haɗi Da Haƙƙin Mai Saye

Da tsohuwar zuma a ke magani. A Ingila da Italiya da Faransa akwai mutane da yawa waɗanda suka mai da haɗa keken tsere irin na dā abin yinsu. Su kan nemi tsohon firam na ƙarfe wanda aka yar cikin shirgi, su samo ƙafafu daga wani keke, birki daga wani, sirdin fata daga wani, su gyara wannan, su rage wancan, har keke ya tashi ya hau hanya. Wannan aiki abin yabo ne, domin yana ceton dukiya daga ɓarna. Amma yana da sharaɗi guda, wanda in babu shi yabo ya koma zargi, watau mai haɗi ya san abin da ya haɗa, ya kuma bayyana shi ga wanda zai saya.

Dalilin da ya sa a ke neman tsohon firam shi ne ingancin ƙarfensa. A shekarar 1935 kamfanin Reynolds na birnin Birmingham ya fitar da wani irin bututun ƙarfe mai lamba 531. Mafi kyawunsa yana da kauri a bakunansa biyu inda wahala ta ke, tsakiyarsa kuwa siririya ce don rage nauyi. Shekaru masu yawa da shi aka yi ta ƙera kekunan manyan 'yan tsere. Har wa yau ƙarfe yana karɓar gyara. A shekarar 1913, cikin babban tseren ƙasar Faransa, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye wa wani Bafaranshe, Eugène Christophe, a gangaren dutsen Tourmalet. Ya saɓi kekensa ya taka har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, domin dokar tseren ta hana a taimaki kowa. Har tarar mintoci aka ci shi saboda wani yaro ya yi masa zuga.

Kasuwar tsofaffin kekuna ta daɗa ƙarfi tun da aka fara wani taron hawa mai suna L'Eroica a ƙauyen Gaiole na ƙasar Italiya a shekarar 1997, da mutum 92. Doguwar hanyarsa ta wuce kilomita 200, da yawanta kuwa burji ne. Ƙa'idarsu ita ce keke ya zama irin wanda a ke ƙerawa har zuwa 1987: hannun canza giya a jikin firam, feda mai maɗaurin ƙafa, wayar birki a fili bisa kan keke. Inda mai nema ya yi yawa, kuɗi ya kan tashi, inda kuɗi ya tashi kuwa, nan mai ha'inci ya kan sami ƙofa.

Ilmin haɗi ilmin awo ne, domin kowace ƙasa da nata ma'auni. Gurbin da gindin feda ya ke juyawa a ciki faɗinsa milimita 68 ne a keken Ingila, zaren gefen damansa kuma hagu a ke murɗa shi. A keken Italiya faɗin milimita 70 ne, gefe biyu duka dama a ke murɗa su. Kamfanin Raleigh na Nottingham kuwa ya daɗe yana yanka nasa zaren daban a yawancin kekunansa, 26 a kowane inci maimakon 24 na sauran Ingila. Wanda ya tilasta wa kayan wata ƙasa shiga gurbin wata, ya cinye zaren, ko da ya ke ido ba zai gane ba sai ranar da abin ya kwance a hanya.

Haka kuma ƙafafu. Tsohuwar ƙafa mai inci 27 faɗinta milimita 630 ne, ta yanzu kuwa 622. Wanda ya sa sabuwa a tsohon firam, dole birkinsa ya sauka da milimita 4, in bai kai ba sai ya kama taya maimakon ƙarfen ƙafa. Tsakanin ƙarafan baya na tsohon keke mai giya biyar milimita 120 ne, ƙafafun da suka biyo baya kuwa suna son 126 ko 130. Gwani yana iya buɗa firam na ƙarfe a hankali, ya gwada da igiya ya tabbata gefe biyu sun buɗe daidai. Firam na alminiyam ba ya jure wannan.

To, duk wannan gyara halal ne ga mai shi, babu mai ganin laifinsa. Laifi yana farawa ne daga fenti da lamba. Ana sayar da sababbin lambobin Reynolds da na shahararrun kamfanoni a fili, domin masu maido da tsohon keke kamanninsa na asali. Sai marar amana ya manna su a kan firam na bututu mai nauyi marar daraja, ya nemi kuɗin na ƙwarai. Mafi muni shi ne wanda ya sami firam da ya taɓa yin karo, ya miƙe shi, ya rufe tsagar da fenti. Alamar karo ita ce ƙullutu ko tattarewar ƙarfe a ƙarƙashin bututu, daf da wuyan keke. Tsatsa kuma ta kan ci bututu daga ciki alhali waje yana ƙyalli.

Wani zai ce, in keke yana tafiya lafiya, mene ne ruwan mai saye da asalin kayansa? Amsa ita ce ya biya kuɗin suna bai sami mai sunan ba, ya kuma ɗora ransa a kan ƙarfen da aka ɓoye masa aibinsa. Keken tsere a gangare yana gudun da zai kashe mahayi in ƙarfen gaba ya karye. Malaman da suka karanta babin ciniki sun san hukuncin ɓoye aibin haja, attajirai kuma sun san cewa wanda aka zambata sau ɗaya ba ya komowa rumfa.

Maganar ba ta Turai kaɗai ba ce. Baƙin keken Raleigh mai ƙafa inci 28 ya daɗe yana ɗaukar malamai da fatake a ƙasar Hausa, masu gyaran keke kuma haɗi su ke yi kullum, ga kekunan gwanjo suna shigowa. Saboda haka ya kamata 'yan gwangwan su duba firam kafin su ɗora shi a sikeli, domin wani ya fi kuɗin nauyinsa nesa. Mai haɗi ya nuna wa mai saye firam kafin fenti in da hali, ya lissafa masa abin da ya ke na asali, da na aro, da wanda aka yi wa walda. Mai saye kuma ya shafa ƙarƙashin bututu da yatsa, ya tambaya, kada ya yi cinikin biri a sama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba shi da ƙara a kan kowa. Haza wasalam.