Attajiri a kan kujerar mulki: wa ke duba lissafinsa?

Jama'a, duk kakar zaɓe sai ka ji ana cewa a ba mai kuɗi mulki, wai ya ƙoshi, ba zai taɓa baitulmali ba. To ku zo mu duba labarin Danny Williams na ƙasar Kanada.

Lauya ne kuma ɗan kasuwa a lardin Newfoundland da Labrador, lardin da mutanensa suka ɗan haura rabin miliyan. Ya gina kamfanin talabijin na waya mai suna Cable Atlantic, ya sayar wa Rogers a 2000 a kan sama da dalar Kanada miliyan 200. Da ya zama firimiyan lardin a 2003, albashinsa ma bai ci ba, sadaka ya riƙa yi da shi.

Kuma gaskiya mutumin ya iya ciniki. A 2004 da ya ga gwamnatin tarayya na wasa da su kan kuɗin man da ake haƙowa a tekunsu, sai ya sa aka sauke tutar Kanada daga gine-ginen gwamnatin lardin. Ba a jima ba Ottawa ta sauko, aka sa hannu a 2005, lardin ya karɓi dala biliyan 2 a dunƙule. A zaɓen 2007 jam'iyyarsa ta lashe kujeru 44 cikin 48.

To a nan gizo ke saƙar. Majalisar da 'yan adawa huɗu kacal ke cikinta, wa zai tsaya ya ce ranka ya daɗe, a sake lissafi? A Nuwamban 2010, dab da zai sauka, ya sanar da aikin madatsar lantarki ta Muskrat Falls a kan dala biliyan 6.2. Magajiyarsa Kathy Dunderdale ta amince a fara aikin a 2012. Kafin a gama, kuɗin ya haura biliyan 13. Kwamitin binciken Mai Shari'a Richard LeBlanc ya ce a 2020 shugabannin Nalcor, kamfanin makamashin lardin, sun ɓoye ainihin kuɗin da haɗarin aikin, gwamnati kuma ba ta sa ido yadda ya kamata ba. Sai da tarayyar da aka sauke wa tuta ta kawo ɗauki, don kada kuɗin wuta ya ninka a kan talaka.

A yi masa adalci: kwamitin bai ce ya saci ko sisi ba, kuma shi bai daina kare aikin ba. Amma a ganina ɗan kasuwa in ya yi caca ya faɗi, aljihunsa ne ke kuka. A gwamnati kuwa, wanda bai san an yi cinikin ba shi ke biya, har jikokinsa.

Saboda haka in an kawo muku attajiri, kar tambayarku ta tsaya ga ko zai yi sata. Ku tambaya wa zai iya taka masa burki in ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa. Me kuka gani?