Duwatsun Niƙan Birnin Fas, Gadon da Maziyarta Ke Wucewa

Kowace shekara mutanenmu daga Maraɗi, Damagaram, Garwa da Kumasi suna zuwa Fas ta ƙasar Maroko. Su ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, su ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859, su dawo da hotuna da turare. Da wuya a ji wanda ya dawo da labarin abin da ya ciyar da malaman birnin da ɗalibansu tsawon ƙarnuka, wato duwatsun niƙa da ruwan kogi ke juyawa. A ganinmu wannan rashi ne, domin tarihin gari ba ya cika idan an bar cikinsa a baya.

An gina Fas a kan gangare, a wurin da kogi ke saukowa yana rarrabuwa. Marubutan tarihin Magrib sun ce bayan Yusuf bin Tashfin ya haɗe ɓangarorin birnin biyu wajen 1070, ya kawo ma'aikata daga Kurɗuba ta Andalus domin su gina gidajen niƙa. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya taso a Fas, kuma a littafinsa da aka buga a 1550 ya ce gidajen niƙan da ke cikin birnin sun kusa 400. Shi ne dai marubucin da ya ba da labarin Agadas da Gobir da Katsina da Kano, don haka ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yadda abin ke aiki yana da sauƙi, kuma cikin sauƙin nan hikimarsa take. Ana tsaga ruwa daga kogi a bi da shi ta ƙaramar magudana, a sako shi da ƙarfi daga sama. Ruwan ya bugi fukafukan wata ƙafa ta katako da ke kwance a ɗakin ƙasa. A tsakiyarta akwai sanda tsaye da ta ratsa dutsen ƙasa ta kama na sama. Ƙafa ta juya, dutsen sama ya juya, na ƙasa yana zaune. Alkama ko sha'ir na zubowa kaɗan-kaɗan daga mazurari, gari na fita ta gefe. Idan ana son laushi sai a sauke dutsen sama ya matso, idan tsaki ake so a ɗaga shi. In dutsen ya yi santsi sai a koɗa shi, kamar yadda kakanninmu mata ke koɗa nasu da makoɗi. Babu man fetur, babu kayan gyaran da sai an yi odarsa daga waje. Kafinta da maƙeri da masassaƙin dutse na unguwa sun isa.

Mu ba mu gaji irin wannan ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yawancin ƙoramunmu kuma da rani yashi ne. Aikin da ruwa ya yi wa mutanen Fas, gwiwa da kafaɗar mata ne suka yi mana shi, a kan dutse da bakin turmi, tun kafin asuba. Wanda ya san wannan wahala ya fi kowa cancantar ya fahimci darajar dutsen da ke niƙa dare da rana ba mai tura shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne dokar da ta riƙe wannan sana'a. Da yawa daga gidajen niƙan waƙafi ne na masallatai da makarantu, ana ba da hayarsu, kuɗin ya tafi hidimar ilimi. Ruwan kuwa ɗaya ne, masu buƙatarsa da yawa: mai niƙa yana son gudunsa, mai lambu yana son tare shi, masallaci yana son na alwala, majemi yana son na wankin fata. Malamin Malikiyya Alwansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, ya tattara fatawoyi masu yawa a littafinsa Almi'iyar, kuma a cikinsu akwai na rigimar masu niƙa da manoma a kan ruwa. Ashe fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya taɓa zama a bakin magudana yana raba gardama.

A ƙarni na 20 injinan lantarki da na gas suka karɓe kasuwa. Kogin ya zama kwatar birni, har aka rufe wani sashensa da kankare a wajen Rasif. UNESCO ta saka tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 1981, daga baya kuma masaniyar gine-gine Aziza Chaouni, ƴar garin, ta jagoranci shirin sake buɗe kogin da tsaftace shi. Aiki ne abin yabo. Sai dai muna da ƙorafi a kan salon adana kayan tarihi da ya zama ruwan dare: a gyara bango, a shafa fenti, a kafa allo, a jingine dutse a kusurwa don masu ɗaukar hoto. Gidan niƙan da ruwa ba ya shiga ya rasa ransa. Abin adanawa shi ne haƙƙin ruwan da ilimin mutumin da ke gane laushin gari daga ƙarar dutse, kuma wannan ilimi yana tafiya ne tare da tsofaffin da suka riƙe shi.

Za a ce inji ya fi sauri, gaskiya ne, ba kuma muna kira a komar da birni mai mutum fiye da miliyan ga dutse ba. Gida biyu ko uku masu aiki, da yara masu koyo a hannun gwanaye, sun wadatar. A ƙauyukan duwatsun Atlas har yanzu akwai masu juyawa. A saman magangarar ruwa ta Uzud, a lardin Azilal, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 110, ana iya ganin ƙananan ɗakunan niƙa, kuma an ce sunan wurin kansa a harshen Amazig daga niƙan hatsi ya samo asali. Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar Fas a bana, bayan ya fito daga zawiya, ya roƙi ɗan rakiyarsa ya sauka da shi Rasif, ya nuna masa inda ruwan ke bi da inda duwatsun suka zauna.